FASHIN BAƘI: Na'urorin da ke leƙa hanjin ɗan'adam, da abin da Kura da Bunkure suka fi buƙata

Tun 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PillCam, kyamara mai girman ƙwayar magani da majinyaci ke haɗiyewa, ta riƙa ɗaukar hoton hanjinsa har ta fita. A 2018 masu bincike a Jami'ar RMIT ta Ostireliya suka wallafa sakamakon gwajin wata ƙwayar a jikin mutane, wadda ke auna iskar da ke cikin hanji tana aika sakamako zuwa wayar salula. A shekarar ce kuma masana a MIT suka haɗa wadda ta gano zubar jini a tumbin aladu.

Manufar ɗaya ce: a gano cuta tun ba ta kwantar da mutum ba. Sai dai na'urorin suna da tsada, mutum guda kowace ke dubawa, wasu kuma har yanzu suna matakin gwaji. To ina amfanin wannan fasaha ga manomin Kadawa?

Ruwan da ya kawo arziki

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan ya kawo shinkafa da tumatir, amma hanyoyinsa sun zama matsugunin dodon-koɗi, wanda tsutsar tsargiya ke girma a jikinsa. Nau'i ɗaya na cutar mafitsara yake kamawa, ɗaya kuma hanji da hanta. Mai cutar hanjin yana zubar da ƙwan tsutsar a bayan gida. Idan ya shiga ruwa ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta bi ta dodon-koɗi ta fito, ta huda fatar manomi ko yaron da ke wanka.

Kwalara da taifot su ma daga bayan gida suke komawa baki ta ruwa ko abinci. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi muni.

Abin da Kano ta riga ta iya

Akwai hanyar duba hanjin unguwa guda a lokaci ɗaya, kuma a Kano aka fara amfani da ita a Najeriya. A 2011 jami'an lafiya suka soma ɗibar ruwan manyan magudanan birnin ana kaiwa ɗakin gwaji a Ibadan, domin neman ƙwayar shan-inna, wadda a hanji take hayayyafa. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa nuna alama, don haka ruwan kwata kan tona asirinta tun kafin ƙafar yaro ta shanye. Wannan sa-ido na cikin hujjojin da aka dogara da su a Agustan 2020, lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ana iya faɗaɗa dabarar zuwa taifot da kwalara. Akwai kuma na'urori masu sauƙin kuɗi da ke auna gurɓacewar ruwa da yawan sinadarin kilorin a cikinsa dare da rana. Irinsu za su yi amfani a Kumbotso, inda matatar ruwa ta Challawa ke maƙwabtaka da masana'antun jima.

Tambayoyin da suka kamata

Na'ura gargaɗi kawai take yi. Idan ta nuna haɗari amma babu maganin tsargiya a asibitin ƙauye, babu rijiyar burtsatse, babu masai, to an san ciwo ne ba a yi masa magani ba. Jigawa, maƙwabciyar Kano, ita ce jihar farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili, a 2022.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga lafiya a matakin farko. Matasa na da haƙƙin tambayar shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarsu: nawa ya iso asibitocin Kura da Bunkure? Wa ke gwada ruwan da ake sha, kuma a ina ake wallafa sakamakon? Wa zai gyara na'urar idan ta lalace?