Kwana Arba'in da Linux a Kan Tsohuwar Kwamfutar Gidana

A cikin ɗakin karatuna akwai wata kwamfuta ta tafi-da-gidanka wadda na saya ta hannu shekaru goma da suka wuce, kuma ko da yake murfinta ya tsage ta wajen hagu, batirinta kuwa ba ya riƙe wuta fiye da gwargwadon shan shayi kofi guda, ba ta taɓa gaza mini a kan abin da na saye ta dominsa ba, wato rubutun wasiƙu da maƙaloli, da lissafin kuɗin makarantar yara, da karatun littattafan da abokai ke aiko mini. Ana nan sai ranar 14 ga Oktoba, 2025, wa'adin da kamfanin Microsoft ya ɗibar wa Windows 10 ya cika, ma'ana, ban da ɗan ƙarin lokaci ga wanda ya yi rajista, an daina aiko da facin da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta cikinsu. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗanta, daga ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, wanda a wajen Intel ya fara daga zuriya ta takwas. Tawa 'yar zuriya ta huɗu ce. Kamfani yana da hujjarsa ta tsaro, ni kuma ban musa masa ba. Amma dai an bar ni da na'ura lafiyayya da aljihun da bai shirya wa sabuwa ba.

Ɗan wana, wanda ke karatun ilmin kwamfuta a jami'a, shi na kai wa kuka. Ya juya ta, ya duba ƙarƙashinta, ya ce, "Baffa, wannan ai da sauranta. A ba ni filashi mai giga 8 da yammaci guda, in nuna maka wata babbar manhaja, in ba ta yi maka ba mu zare filashin, ba abin da zai taɓa takardunka." Na tambaye shi nawa ake sayar da ita. Ya yi dariya, ya ce kyauta ce, kuma halal. Wannan kalma ta biyu ita ta tsaya mini a rai, domin duk wanda ya taɓa kai kwamfuta shagon masu gyara a garuruwanmu ya san cewa akasarin manhajojin da ake loda mana ba wanda ya biya masu su ko anini, mun dai saba ne har mun daina yi wa kanmu hisabi a kai.

Kafin in ci gaba ya kamata in yi bayanin abin da ake nufi da babbar manhaja, saboda mai karatun da bai taɓa damuwa da sanin ta ba. Ita ce wakiliyar da ke tsakanin mutum da ƙarfe: ita ke karɓar abin da ka latsa, ta raba wa kowane aiki rabonsa na ƙwaƙwalwa da na lokaci, ta san inda kowane fayil yake kwance, ta yi magana da firinta da lasifika da yarensu. Kowace manhaja kuwa tana da matani, wato asalin rubutun da masu ƙirƙira suka yi da hannunsu, wanda daga baya ake juya shi zuwa lambobin da na'ura ce kaɗai ke gane su. Kamfanonin kasuwanci sukan ba ka juyayyen su kulle matanin, ta yadda kana da ikon amfani amma ba ka da ikon dubawa, balle gyara. Abin da ya raba Linux, manhajar da yaron ya yi mini tayinta, da su ke nan: matanin a buɗe yake ga duk mai son karantawa.

Asalin al'amarin daga Amurka ya taso. Wani masani mai suna Richard Stallman, wanda ke aiki a cibiyar MIT, ya fusata a kan wata firinta da ke yawan cije takarda, wadda ya nemi matanin manhajarta domin ya yi mata gyara aka hana shi. A shekarar 1983 ya yi shelar cewa zai gina cikakkiyar babbar manhaja mai suna GNU wadda ba mai kulle ta, a 1989 kuma ya fitar da lasisin da ake kira GPL. Hukuncin wannan lasisi, a taƙaice, shi ne kana da izinin ka yi aiki da manhaja yadda ka so, ka nazarci mataninta, ka kwafa ka ba wani, ka gyara ka yaɗa gyaranka, bisa sharaɗi guda, cewa wanda ka miƙa wa shi ma ya sami irin izinin da ka samu, tare da matanin. Da na ji wannan sai waƙafi ya faɗo mini a rai, rijiyar da mai ita ya tsayar domin jama'a, kowa ya ɗiba, ba mai ikon kewaye ta da katanga ya ce ta zama tasa. Ko da yake ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba, tun da lasisin bai haramta sayarwa ba, ɓoyewa ya haramta. Abin da ya fi kama da shi, a ganina, shi ne al'adar malamanmu ta kwafar littafi da hannu, inda ɗalibi zai ari littafin malaminsa ya juya, ya rubuta hashiya a gefe inda ya ga mushkila, wani ya zo ya juya nasa har da hashiyar, ilmi yana tafiya yana ƙaruwa ba wanda ya ragu da kome.

Mutanen GNU sun gina kayan aiki masu yawa, amma zuciyar manhajar, wadda ke sarrafa ƙarfen kai tsaye, ba ta kammala ba, har sai da wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar a watan Agusta na 1991 cewa yana rubuta wata don sha'awa kawai, ba ya kuma zaton za ta zama wani babban abu. Ita ce Linux, kuma a 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Yau wannan abin sha'awa shi ke cikin kowace wayar Android da ke aljihunanmu, kuma tun daga Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Ashe na daɗe ina ɗauke da Linux a aljihu ina tsoronsa a kan tebur.

Da yake kowa yana da izinin haɗa nasa, Linux ba guda ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne, kuma ma'abotansu suna da jayayya a kan fifiko wadda ba ta ƙarewa. Na shawarci sabon shiga da kada ya tsoma baki a cikinta. Wanda yaron ya zaɓa mini sunansa Linux Mint, kuma yana da silsila kamar ta masu ijaza: Mint, wanda Bafaranshe Clément Lefebvre ya fara a 2006, ya ɗauko daga Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004 ya raɗa masa kalmar mutanen can mai nufin mutuntaka, Ubuntu kuwa ya ɗauko daga Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993. Waɗanda suka yi zamani da shagunan intanet na farko za su iya tuna faya-fayan Ubuntu da ake aiko wa mutum kyauta ta gidan waya daga Turai, kafin a daina a 2011.

Ranar Asabar bayan Azahar muka zauna. Ya riga ya sauko da fayil ɗin cikin dare, lokacin da data ke da rahusa, nauyinsa kusan giga 3, ya rubuta shi a kan filashi da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Ya soka filashin, ya kunna na'ura, ya yi ta latsa F12 kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma, sai ga jerin wuraren da za a iya tasowa daga gare su, ya zaɓi filashin. Bayan kamar minti biyu fuskar Mint ta bayyana, da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa da agogo a dama, daidai inda idona ya saba nemansu. A nan ne hikimar take, kuma ita ce dalilin rubuta wannan maƙala: a wannan hali manhajar tana gudana ne daga filashi da ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta rubuta kome a rumbun ajiyar na'ura ba, ta yadda mutum zai iya buɗe takardunsa, ya jarraba sauti da kyamara da firinta, ya yini yana dubawa, sa'an nan ya kashe ya zare filashi, kwamfutarsa ta tashi da Windows kamar ba a yi ba. Ba kasafai ake ba mai saye damar ya hau doki ya zagaya gari kafin a yi ciniki ba.

Abu na farko da na nema shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, domin na sha wahalar ƙ da ɗ da ɓ shekara da shekaru, ina kwafo su ɗaya ɗaya daga tsohuwar takarda. A cikin jerin tsare-tsaren madannai na iske biyu da sunan Hausa, ɗaya na Nijeriya ɗaya na Gana, ba tare da an sauko da kome ba. Sai da na yi 'yan kwanaki kafin yatsuna su haddace mazaunin kowane harafi, amma samunsu a wurin kaɗai ya faranta mini rai. Larabci ma ya tafi daga dama zuwa hagu da wasullansa ba gardama.

Abu na biyu bai zo da sauƙi ba. Na'urar ta ƙi ganin wayafai ɗin gidan sam, kamar babu shi a duniya. Yaron bai damu ba. Ya ce wasu masu ƙera waɗannan sassa ba sa sakin matanin manhajar da ke tuƙa su, don haka sai an ɗauko ta daban. Ya haɗa wayarsa da kwamfutar ta igiyar caji, ya ara mata intanet, ya buɗe wani wuri mai kula da direbobin sassa, ya latsa sau biyu. Aka warware. Amma na tambayi kaina, da ni kaɗai ne a ɗakin, da yaya ke nan? Haƙiƙa da na zare filashin na ce abin bai yi ba. Duk mai gaya maka cewa Linux ba ya bukatar malami, to, ya manta ranar da shi ma aka kama masa hannu.

Bayan mako guda ina jarrabawa daga filashi na yarda a girka shi, amma a gefen Windows, a raba rumbun gida biyu, domin in riƙa zaɓar wanda zan shiga duk lokacin da na kunna. Kafin a taɓa kome sai da muka kwashe takarduna da hotunan iyali kaf zuwa wani rumbu na waje, muka kuma jira aka kawo wuta, saboda yanka rumbu aiki ne da in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, batiri kuma irin nawa, ana iya yin hasarar da ba ta da diyya. Wannan sharaɗi ba na son mai karatu ya ɗauke shi mustahabbi, wajibi ne.

A nan wani abin al'ajabi ya same ni. Ran nan na fito daga Mint na shiga Windows ina wani aiki, ina duban agogon kusurwa ina cewa da sauran lokaci, sai na ji ladan yana kiran La'asar alhali agogo yana nuna mini saura sa'a guda. Ashe su biyun sun saɓa a kan yadda ake karanta agogon da ke cikin ƙarfen: Linux yana ajiye shi a kan lokacin duniya na Girinwic ya ƙara sa'ar ƙasarmu da kansa, Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari, mu kuma muna gaban Girinwic da sa'a ɗaya daidai. Layi guda na umarni a cikin baƙar tagar nan da ake rubuta wa na'ura magana ya daidaita su. Shi ne karo na farko da na shiga tagar, kuma a kwana arba'in ban koma ba sai sau biyu.

Game da aikin yau da kullum ba ni da dogon labari, wanda kuwa shi ne yabo mafi girma. Firefox yana buɗe abin da na saba buɗewa. LibreOffice, wanda ya zo a ciki, yana karanta takardun Word da Excel yana kuma ajiyewa a sigarsu, sai dai takarda mai jadawali da ado da yawa takan ɗan goce, shafi tara ya koma goma, saboda bambancin zanen haruffa. Abin da zan aika wa hukuma sai in mai da shi PDF in huta. Na'urar ta yi sauƙin tashi, fankarta ta rage kuka. Sabuntawa ba ta sauka sai na ce ta sauka, wanda duk mai sayen data da awo zai san ƙimarsa. Filashin da ya dawo daga shagon buga takardu ɗauke da cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, na buɗe shi na ga cutar kwance a fili ba ta da ikon motsi, domin don Windows aka rubuta ta, na goge ta kamar mai share ƙura. Ba na cewa Linux ba ya kamuwa da kome. Wanda ya ba ɓarawo kalmar sirrinsa da hannunsa babu manhajar da za ta cece shi.

Akwai kuma waɗanda ba zan ba su wannan shawara ba. Mai shagon ɗab'i wanda abincinsa ke cikin CorelDraw, ko mai zanen gine-gine da AutoCAD, ko mai hoto da ya ginu a kan Photoshop, waɗannan manhajoji ba a yi su don Linux ba, kuma ko da yake akwai Inkscape da GIMP masu yin aiki makamancin na wasunsu, mutumin da abokan cinikinsa ke jira a bakin ƙofa ba shi da sararin komawa ɗalibi. Hukumomi ma da suka yi ƙaura ba a dare ɗaya suka yi ba: jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ta yanke shawara a 2024 za ta mai da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux, daki-daki ta tsara abin, tare da horar da ma'aikata. Amma malamin makaranta, da ɗalibi, da mai ƙaramin kanti, da uwar gida mai lissafin adashi, waɗanda bukatarsu ba ta wuce rubutu da lissafi da intanet da kallo ba, ban ga abin da zai hana su ba filashi yammaci guda ba, musamman da yake Mint na 22 yana da alkawarin kulawa har 2029, kuma giga 4 na ƙwaƙwalwa sun ishe shi.

A daren cikar kwana arba'in yaron ya zo gaishe ni, ya tarar ƙanwarsa, 'yata ta aji biyar, tana buga aikin makaranta a kan na'urar. Ya tambaye ta yaya ta ga sabuwar manhajar. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wace sabuwa?" Ya dube ni ya ce, "Baffa, to, a share Windows ɗin ne a ba Mint rumbun duka?" Na ce masa a'a, a bar ta tukuna, akwai wata takardar fansho da ban tabbata za ta buɗu daidai ba sai na gwada. Ya zare filashinsa daga aljihu ya ajiye mini a kan tebur, ya ce maƙwabcina mai kantin littattafai ya tare shi a ƙofar gida yana tambaya, wai tasa ma 'yar zuriya ta huɗu ce.