Aikin Sa Kai a Ƙetare da Sauyin Tunani: Duba Daga Batsari da Safana

Barin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Batsari da Safana. Ɗan ci-rani da almajiri da falke duk sun san hanya tun kaka da kakanni. Sai dai kowannensu yakan fita ne domin ya samo wani abu, kuɗi ko ilimi. Mai aikin sa kai kuwa yakan fita ne domin ya bayar, kuma daga nan sauyin tunaninsa yake farawa.

A shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik. Wa'adin aikin shekara biyu ne. Nijeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi baƙo kuma ta ba shi masauki. Gambiya da Saliyo da Yuganda da Jamaika da Fiji suna cikin waɗanda suka amfana.

Malamin da ya tashi a Ruma ko Runka, idan ya sauka a Fiji, zai tarar Musulmi tsiraru ne, kuma babu mai jin Hausa. A gida shi ne ɗan gari, al'adarsa ce ma'aunin kowa. A can shi ne baren da ake yi wa uzuri. Da wuya wanda ya ɗanɗani wannan ya dawo yana yi wa baƙon garinsu kallon da yake yi masa a da. A Gambiya darasin daban ne: addini ɗaya, alƙibla ɗaya, amma harshe da abinci da tsarin zama sun bambanta, sai mutum ya fara rarrabe abin da yake addini da abin da yake al'ada kawai.

Ba kullum sauyin yake zuwa cikin daɗi ba. A watan Oktoba na 1961, wata 'yar sa kai ta ƙungiyar Peace Corps ta Amurka, Margery Michelmore, ta rubuta kati a Ibadan tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Mai bayarwa yakan manta cewa mai karɓa ma yana da ido da mutunci, kuma ɗan Nijeriya a Saliyo bai fi ƙarfin wannan mantuwa ba.

Akwai kuma tambayar da ba ta kaucuwa. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, sun sa malamai da ma'aikatan lafiya da dama gudun aiki a karkarar Batsari da Safana. Shin ya dace ƙwararre ya tafi Jamaika alhali makarantar ƙauyensu ba ta da malamin lissafi? A ganina, ƙorafin yana da tushe, amma ba tafiyar ce ta kore malamai daga ƙauyukan ba, rashin tsaro ne. Abin da ya kamata a bincika shi ne inda masu dawowa suke sauka bayan shekara biyun: Katsina da Abuja, ko kuwa Wagini da Runka.