Fitilun Gaban Direba da Hukuncin Kowacce

Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Madawa da Buza da Keita, da hawan duwatsun Adar da gangaren Majiya, ya san irin mashaƙƙar da mota ke sha idan aka labta mata buhunan albasa da fasinja ran kasuwa, musamman a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Abin takaici, motar tana faɗin ciwonta tun kafin ya kayar da ita, illa dai da yawa daga direbobinmu sun ɗauki fitilun da ke gabansu a matsayin ado.

Masu ƙera mota sun sa wa launi hukunci, kamar yadda fuƙaha'u suka rarrabe ayyuka: kore da shuɗi labari ne kawai, ruwan ɗorawa mustahabbi ne a ga bakanike da wuri, ja kuwa wajibi ne a tsaya.

Mafi hatsari ita ce jar fitila mai siffar buta, domin ma'anarta baƙin mai ya daina zagayawa da ƙarfin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, kuma wanda ya ce bari in lallaɓa in kai Tama, alhali tana kunne, yana iya ƙone injin cikin 'yan mintoci, ya wayi gari da bashin da albasar bana ba za ta biya ba. Sai allurar zafi, wadda mazauninta tsakiya ne, wajen digiri 90. Idan ta doshi ja, a tsaya a kashe injin, kada kuma a buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama ruwan da ke ciki a matse yake, yana tsiri ya sale fuska. Fitilar batir ma an yi mata mummunar fahimta: ba lalle batirin ne ya mutu ba, sau da yawa bel ne ya tsinke, caji ya tsaya, kuma a tsofaffin motoci wannan bel ɗin shi ke juya famfon ruwa.

Fitila mai hoton inji kuwa, tun da Amurka ta wajabta tsarin gano lahanin mota na OBD-II a 1996, na'ura ce ke karanta sababinta, ba zato ba. Shi ya sa nake ganin aibi babba ne abin da wasu dillalai ke yi wa motocin da suka shigo ta Kwatano da Lome, na cire ƙwan fitilar don a ɓoye wa mai saye lahani. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ya kai mai sayen mota, murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba: fitilun gargaɗi za su kama, su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba, ka tambayi dalili kafin ka ƙirga kuɗi.