Tasha a kunne, situdiyo babu kowa: yadda ƙananan gidajen rediyon AM na Amurka suka rasa muryar garuruwansu

Da tsakar daren 18 ga Janairu, 2002, wani jirgin ƙasa mai ɗauke da sinadarin amoniya ya kauce daga hanyarsa a bakin garin Minot, a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka. Tankunan suka fashe, farin hayaƙi mai guba ya lulluɓe unguwanni. Mutum ɗaya ya mutu, fiye da 300 suka jikkata. 'Yan sanda suka so su gaya wa jama'a su rufe ƙofofi da tagogi, kada kowa ya fito. Suka yi ta buga waya tashar KCJB, wadda ita aka keɓe domin sanarwar gaggawa a yankin, amma ba a ɗauka ba. Ita kuwa tashar tana nan tana watsa shirinta kamar ba abin da ya faru.

An yi ta jayayya daga baya. Kamfanin Clear Channel, wanda ya mallaki tashoshin kasuwanci shida a garin, ya ce laifin na hukumomi ne, domin ba su iya aiki da na'urar sanarwar gaggawa ba. Lallai na'urar ta ba da matsala a daren. Sai dai tambayar da mutanen gari suka yi ita ce: in na'ura ta ƙi, ina ɗan'adam ɗin da zai ɗauki waya ya buɗe makirfo?

Kafin ka gane yadda aka kai ga wannan hali, sai ka fara sanin mene ne AM, da kuma wanda ke biyan kuɗin muryar da kake ji a rediyo.

Mene ne AM?

Idan ka taɓa murɗa akwatin rediyo kana neman Rediyon Kaduna a matsakaicin zango, to AM ka saurara. Tasha tana aika igiyar lantarki ta iska, sai ta ɗora mata sauti. A tsarin AM, ƙarfin igiyar ne ke hawa yana sauka daidai da muryar mai magana. A tsarin FM kuwa, wanda Edwin Armstrong ya ƙirƙira a 1933, ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar igiyar ne ke ɗan canzawa.

Wannan bambanci yana da tasiri babba. Walƙiya, injin mota, cajar waya, fitilar LED, duk suna fitar da tartsatsin lantarki mai ƙara wa igiya ƙarfi ko rage shi. Akwatin AM ba ya iya bambance wannan da murya, shi ya sa kake jin shuuu da ƙaras-ƙaras. Akwatin FM bai damu da hawa da saukar ƙarfi ba, don haka sautinsa ya fi fita tas.

Amma AM yana da tasa baiwar. Igiyoyinsa dogaye ne: tasha mai kilohaz 1000 tsawon igiyarta mita 300 ne. Da rana igiyar tana bin doron ƙasa, tana tsallake tuddai har ta wuce inda ido ke gani. Da dare kuma abin ya fi haka. Akwai wani sashe na sararin sama, kimanin kilomita 60 zuwa 90 daga ƙasa, wanda hasken rana ke cika shi da caji, sai ya riƙa shanye igiyoyin AM. Rana na faɗuwa sai ya watse, igiyoyin su wuce sama, su bugi wani sashen, su dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Wannan ne dalilin da kake kama tashoshin nesa bayan isha'i.

Ga ƙaramar tasha, wannan baiwa matsala ce. Tunda da dare kowa na jin kowa, sai Hukumar Sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba wasu manyan tashoshi masu wat 50,000 fifiko, irin su WSM ta Nashville da WGN ta Chicago. Ƙananan da ke kan zango ɗaya da su dole su rage ƙarfi sosai in rana ta faɗi, wasu ma su kashe gaba ɗaya sai gari ya waye. Akwai kuma zanguna shida, wato 1230, 1240, 1340, 1400, 1450 da 1490, da aka cunkusa ɗaruruwan tashoshin ƙananan garuruwa a kai, kowacce ba ta wuce wat 1,000 ba.

Abin da ƙaramar tasha ke yi wa gari

Tun daga 2 ga Nuwamba, 1920, ranar da KDKA ta Pittsburgh ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, rediyon Amurka ya ginu ne a kan tashoshin gari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yawaita, har ya zama kusan duk garin da ke da kasuwa yana da tasa.

Shirye-shiryensu ba za su yi maka baƙo ba. Da asuba a karanta farashin masara da alkama da shanu. Daga nan sai sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, sai cigiyar kare ko saniyar da ta ɓata, sai sunayen makarantun da aka rufe saboda dusar ƙanƙara. Akwai shirin da mutane ke bugo waya su ce suna da tsohuwar firji ko keke na sayarwa. Daren Juma'a a watsa wasan ƙwallon makarantar sakandaren garin kai tsaye. Ɗan rahoto ɗaya ya je zaman majalisar gari ya dawo ya faɗi abin da aka yanke game da kuɗin ruwa.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan? Mai kantin magani, dillalin motoci, bankin garin, mai sayar da taki. Tallansu shi ne albashin mai gabatarwa.

Inda ɓarakar ta fara

Abu na farko, masu sauraro sun ƙaura. A ƙarshen shekarun 1970 FM ya zarce AM yawan masu sauraro a Amurka, domin kiɗa ya fi daɗi a can. Aka bar AM da magana, ita kuwa magana tsada gare ta. Yi lissafin da kanka: mako yana da awa 168. Idan ma'aikaci na yin awa 40, kana buƙatar fiye da mutum huɗu don kawai a samu wani zaune gaban makirfo dare da rana. Ba a yi maganar ɗan rahoto da injiniya da mai neman talla ba.

Na biyu, masu talla sun ƙare. Manyan kantuna irin su Walmart suka shigo ƙananan garuruwa, shagunan gida suka yi ta rufewa. Babban kanti daga hedikwatarsa yake tsara tallansa, ba ya zuwa wajen manajan wata tasha mai wat 1,000. Bankunan gari suka narke cikin manya. Daga baya intanet ta zo, ɗan abin da ya rage na talla ya koma Google da Facebook.

Na uku, aka samu abin cike gurbi mai arha. A shekarun 1980 tauraron ɗan'adam ya sa ana iya aiko shiri daga New York ko Dallas zuwa ɗaruruwan tashoshi lokaci guda. Cinikin ma ba ya buƙatar kuɗi a hannu: kamfani ya ba ka shirin awa uku kyauta, kai kuma ka bar masa wasu mintoci a kowace awa ya sa nasa tallan. Da aka soke ƙa'idar da ke tilasta wa tashoshi ba ɓangarori daban-daban dama a 1987, sai shirye-shiryen siyasa masu zafi suka samu fili. Rush Limbaugh ya fara watsa nasa a faɗin ƙasar a 1988, cikin 'yan shekaru ɗaruruwan tashoshin AM suka ɗauka. Ka sa kanka a matsayin mai tasha: ga ma'aikaci mai karɓar albashi kowane wata, ga shiri kyauta mai jan jama'a. Wanne za ka zaɓa?

Gaskiya ne irin waɗannan shirye-shirye sun ceci tashoshi da yawa daga rufewa. Sai dai tashar da aka ceta ta daina magana a kan garinta.

Dokoki ma sun sassauta

A da, lasisin rediyo yana zuwa da sharuɗɗa. Mai tasha sai ya zagaya ya tambayi shugabannin al'umma matsalolinsu, ya nuna shirye-shiryen da ya yi a kai. A 1981 FCC ta cire yawancin waɗannan sharuɗɗa. A 1995 ta yarda tasha ta yi aiki ba tare da kowa yana gadin na'urar watsawa ba.

Sai babbar dokar sadarwa ta 1996. Shekara da shekaru kamfani ɗaya ba ya wuce tashoshin AM bakwai a duk ƙasar, daga baya aka ɗaga zuwa 12, har zuwa 20. Dokar 1996 ta cire iyakar gaba ɗaya, ta kuma yarda kamfani ya riƙe har tashoshi takwas a babban birni guda. Clear Channel, wanda ke da tashoshi kusan 40 kafin dokar, ya kai kimanin 1,200 cikin 'yan shekaru. Da bashi aka yi yawancin sayayyar, kuma hanyar biyan bashi mafi sauri ita ce rage ma'aikata.

Nan kwamfuta ta shigo. Mai gabatarwa ɗaya a wani birni zai zauna ya naɗi gaisuwa da 'yan maganganu na tashoshi da dama, ya ambaci sunan garinka da yanayin da aka turo masa, kwamfuta ta jera su tsakanin waƙoƙi da talla. Kai da ke sauraro ka ɗauka yana bayan layinku, alhali wataƙila bai taɓa taka jiharku ba. A 2017 FCC ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa tasha ajiye situdiyo da ma'aikata kusa da garin da aka ba ta lasisi. Shi kansa kamfanin, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya nemi kariyar kotu a 2018 da bashin kimanin dala biliyan 20 a wuyansa.

Matsalolin yau

Tashar AM tana cin fili. Eriyarta ita ce hasumiyar kanta, wadda kan kai mita 75 ga tasha mai kilohaz 1000, kuma a ƙarƙashinta ana binne wayoyin tagulla har 120 da suka bazu ko'ina. Filin da aka saya a bayan gari shekara 70 da suka wuce yanzu gari ya cim masa, sau da yawa kuɗinsa ya fi na tashar. Magada sai su sayar wa masu gina gidaje, su mayar da lasisi. A farkon shekarun 1990 tashoshin AM a Amurka sun kusa 5,000. Zuwa 2024 ba su kai 4,500 ba.

Ga kuma motoci masu lantarki, waɗanda injinsu ke dagula sautin AM. Tesla da BMW da Volvo sun cire shi daga irin waɗannan motoci. Ford ya yi niyyar bin sahu a 2023, ya janye bayan an yi masa ca, a shekarar kuma aka gabatar da ƙudiri a majalisa na tilasta barin AM a kowace sabuwar mota. Amma ka lura, ko da akwatin na cikin motar, ƙudirin bai ce komai ba game da wanda zai zauna a situdiyo.

Me aka rasa, kuma wa ya tsira?

A ranar da komai ke lafiya, asarar ba ta bayyana sosai: zaman majalisar gari da ba wanda ya halarta, jana'izar da ba ka ji ba sai bayan kwana uku. Abin ya ƙara nauyi domin Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta tun 2005, don haka akwai garuruwan da ba jarida, ba ɗan rahoton rediyo.

Ranar masifa kuwa ake gane bambancin. Lokacin guguwar Katrina a 2005, tashar WWL ta New Orleans ta ci gaba da magana bayan wuta da wayoyi sun ɗauke. A 2024, da guguwar Helene ta yanke garin Asheville daga duniya, ma'aikatan tashar WWNC suka kwana a situdiyo suna karɓar kira, suna faɗin inda ake samun ruwa da hanyoyin da suka karye. Tashar mallakar iHeartMedia ce. Ka ga ke nan girman kamfani kaɗai ba shi ne ke yanke hukunci ba, samun mutane a cikin ginin shi ne ya yi aiki.

Tashoshin da suka riƙe shirye-shiryen gida galibi suna da jama'ar da ke ganin tashar tasu ce. KRVN ta jihar Nebraska manoma da makiyaya ne suka haɗa kuɗi suka kafa ta a 1951, har yau labarin kasuwar hatsi da dabbobi ne ƙashin bayanta. KTNN ta al'ummar Navajo tana watsawa da harshensu tun 1986, abin da babu wani kamfanin New York da zai aiko ta tauraron ɗan'adam.

A wajenmu labarin ya sha bamban. Tun da aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu a Nijeriya a 1992, yawancin sababbin a FM suke, kuma sun ƙara yawan shirye-shiryen gida: sanarwar ɗaurin aure da rasuwa, cigiya, kiran waya kai tsaye. Abin da ke riƙe da su shi ne abin da ya riƙe na Amurka a da, wato 'yan kasuwar gari da masu biyan kuɗin sanarwa. Kayan maye gurbin ma'aikaci kuwa, kwamfuta da intanet da naɗaɗɗen shiri, duk sun iso nan ma, ga tsadar dizal tana matsa wa masu tashoshi.

In kana son sanin halin da tashar garinku ke ciki, ga gwaji mai sauƙi. Saurare ta awa guda da rana, ka ƙirga sau nawa aka ambaci unguwa ko kasuwa ko asibitin da ka sani. Sannan ka nemi lambar situdiyonta ka ajiye a wayarka, wani dare bayan ƙarfe goma sha ɗaya, in tana kan iska, ka buga ka ji ko za a ɗauka.