Tantance nau'in allon madannai

Tantance nau'in allon madannai hanya ce da manhajar kwamfuta ke bi domin gane irin allon da aka jona mata. Allon ba ya aika haruffa zuwa kwamfuta; abin da yake aikawa shi ne lambar da ke nuna gurbin madannin da aka latsa, sannan babbar manhaja ta fassara lambar zuwa harafi. Idan manhajar ta yi kuskuren gane allon, mai rubutu kan latsa wani abu, wani daban ya fito.

Manyan nau'o'i

Akwai fasali uku da suka fi yaɗuwa. ANSI, mai madannai 104, shi ake amfani da shi a Amurka. ISO yana da 105, kuma ya fi yawa a Turai. JIS na ƙasar Japan yana da 109.

Allon PS/2

Kamfanin IBM ne ya fito da mahaɗar PS/2 a shekarar 1987. Kwamfuta na aika wa allon umarnin F2, shi kuma ya amsa da lambar shaidarsa. Yawancin alluna masu madannai 101 ko 102 suna amsawa da AB da 83.

Allon USB

Da zarar an jona allon USB, yakan bayyana lambobi biyu: ta kamfanin da ya ƙera shi, wadda ƙungiyar USB-IF ke rabawa, da ta samfurin. Akwai kuma gurbin da aka tanada domin lambar ƙasa, amma galibin masu ƙerawa sifili suke sakawa. Saboda haka kwamfuta na iya gane kamfanin, ba tare da ta san harshen da aka buga a kan madannan ba.

A manyan manhajoji

Windows na da umarnin GetKeyboardType, wanda ke ba da lamba 4 idan allon mai madannai 101 ko 102 ne, 7 kuma idan na Japan ne. A Linux, umarnin lsusb na jero lambobin na'urorin USB. Ita kuwa macOS, idan ba ta gane allon ba, takan nemi mutum ya latsa madannin da ke kusa da Shift, domin ta rarrabe ANSI da ISO da JIS.

Tsarin harshe

Zaɓen harshe aikin manhaja ne. Shi ya sa allon da aka ƙera don Turanci ke iya rubuta ɓ, ɗ da ƙ idan aka zaɓi tsarin Hausa.