Sunuka: Daga Rumfunan Suleja Zuwa Gasar Gwanaye Ta Landan

Duk wanda ya zaga unguwannin Suleja da la'asar sakaliya, da wuya ya rasa ganin samari sun kewaye wani tebur mai koren ƙyalle a ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da doguwar sanda a hannu. Su dai sunuka suke ce da wasan. Amma mai lura zai ga teburin ƙarami ne, ƙwallayen kuwa masu lamba ne guda 15, watau dai wasan nan ne na Amurkawa, ba ainihin sunuka ba.

Ita sunuka ta sosai, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙago a Jabalpur ta ƙasar Indiya wajen 1875, teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi. Ƙwallaye 22 ake zubawa: ja 15, masu launi dabam-dabam 6, sai farar da ake bugu da ita. Talabijin ce ta fito da ita daga kulob-kulob, sa'ad da BBC ta soma shirin Pot Black a 1969 don nuna amfanin hoto mai launi.

A cikin gasannin da ake nunawa, ɗaya daga cikin masu ƙunƙuntar ƙofa ita ce Masters, wadda ake yi kowane Janairu. Ba a neman shiga, sai dai a gayyaci mutum, kuma a yau gwanaye 16 na saman jeri kaɗai ake kira. An fara ta a 1975 a wani otal na Landan da 'yan wasa 10, da kuɗin kamfanin taba na Benson & Hedges. Wasan ƙarshe na shekarar ya kai maƙura: John Spencer da Ray Reardon suka yi turmi takwas-takwas, a turmin raba gardama ma maki ya zo daidai, sai da aka sake dasa baƙar ƙwallo. Spencer ya jefa ta, ya tafi da fam 2,000. Shekara 50 bayan haka, a 2025, Shaun Murphy fam 350,000 ya karɓa a zauren Alexandra Palace.

Sunan da ya fi yawo a bakin samarin da ke kallon guntayen wasannin a wayoyinsu shi ne Ronnie O'Sullivan. Ya ci kofin yana ɗan shekara 19 a 1995, ya kuma ci na takwas a 2024 yana da 48. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne kofin ya taɓa zuwa nahiyar nan. A 1979 Perrie Mans na Afirka ta Kudu ya ka da Alex Higgins da turmi 8 da 4, alhali kuwa a duk gasar bai taɓa haɗa maki 50 a bugu guda ba. Tun daga ransa babu ɗan Afirka da ya sake, ɗan Nijeriya kuwa ko gayyata bai taɓa samu ba.

Hanyar dai ba a toshe take ba. Zakaran Afirka yakan sami izinin shekara biyu na shiga sahun masu wasa don sana'a, kamar yadda Amine Amiri na Maroko ya samu a 2019, haka ma wasu Misirawa. To, amma wanda hannunsa ya saba da ƙaramin tebur mai faffaɗan rami, ran da ya tsaya gaban babba sai ya koma ɗan koyo. Manyan teburan kuwa sai a kulob da manyan otal-otal, irin na Abuja, inda kuɗin shiga ya fi ƙarfin ɗan acaɓa.

Akwai kuma maganar iyaye, wadda ba a raina ta. A wurin dattawan gari da yawa teburin nan matattara ce ta zaman kashe wando, kuma ba su yi ƙarya duka ba, don sau da yawa ana ɗora kuɗi a kan turmi, caca kuwa haramun ce a Musulunci. Gasar Landan ɗin ma ba ta kuɓuta ba: da doka ta hana tallar taba, Benson & Hedges ya janye bayan gasar 2003, daga baya kuma kamfanonin caca suka yi shekaru suna ɗaukar nauyinta. Saboda haka yaron da Allah ya ba ido da hannu a Suleja yakan ɓoye gwanintarsa ga mahaifinsa, ya biya mai tebur kuɗin turmi, in an kira magariba ya jingine sanda ya nufi masallaci.