Ɗan Albashi ko Ɗan Jinga: Zaɓin Masu Sana'ar Shara da Goge-goge a Ƙasar Arewa

Ƙaramin kamfanin shara da goge-goge yana samun hannun aiki ta hanya biyu. Ko dai ya ɗauki ma'aikata nasa na kansa ya riƙa biyan su albashi a ƙarshen wata, ko kuma in ya sami kwangila ya yanka wa wani sashenta a kan kuɗin da aka yi ciniki, wato ya ba da jinga. Kowace hanya da tata tsadar da nata alhakin, kuma dokar ƙwadago ta Nijar ta ware wa kowace hukuncinta.

Kasuwar aikin a Dogon Dutsi da Tibiri

Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wato ƙasar Arewa, suna cikin jihar Dosso, a kwarin Dallol Mawri. Da can gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka ɗaga Tibiri ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar 2012 ta ba Dogon Dutsi mutum 372,473, Tibiri kuma 270,016, akasarinsu manoman hatsi da wake da makiyaya mazauna karkara. Don haka masu biyan kuɗi a share musu wuri sun taru ne a garuruwa ƙalilan: Dogon Dutsi da Kore Mairuwa a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Konni, sai Tibiri, Gesheme da Matankari. Masu ba da aikin su ne asibitoci da cibiyoyin lafiya, makarantu, ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyi, bankuna, masaukan baƙi, tashoshi da kasuwanni. Biyan kuɗi don tsafta ba baƙon abu ba ne a Dogon Dutsi, domin tun shekarun 1990 ƙawancen garin da Orsay ta Faransa, tare da ƙungiyar RAIL-Niger, ya tallafa wa gina masai a gidaje da kwasar shara da amalanke.

Aikin iri biyu ne. Akwai na kullum: share ofis kafin ma'aikata su iso, goge daɓe da tebura, wanke banɗaki, fitar da bola. Akwai na jefi-jefi: gyaran sabon gini bayan magina sun tashi, yashe magudanan ruwa kafin damina, kwashe masai, feshin maganin ƙwari, share fili bayan biki ko taro. Lokaci ma yana da nasa tasiri. Daga Yuni zuwa Satumba hankalin kowa na gona, leburan da ake samu a sauƙaƙe da rani sai a neme su a rasa. Bayan girbi samari da yawa kan tafi cin rani Najeriya da ƙasashen gaɓar teku, ga shi kuwa a lokacin ne ƙurar hunturu ke ninka aikin goge-goge.

Wane ne ma'aikaci a idon doka

Dokar ƙwadagon da ke aiki ita ce mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. A wurinta, ma'aikaci shi ne wanda ya sa ƙarfinsa ko gwanintarsa ƙarƙashin umarni da ikon wani a kan lada. Ma'aunin ke nan, ba sunan da aka rubuta a takarda ba. Wanda aka yanka masa lokacin zuwa da na tashi, aka ba shi tsintsiya da bokiti da rigar kamfani, aka nuna masa ɗakin da zai fara da shi, kuma ana iya tsawata masa in ya makara, ma'aikaci ne ko da an kira shi ɗan jinga.

Ɗan jinga na gaskiya, wanda dokar ke kira *tâcheron* da Faransanci, ƙaramin ɗan kwangila ne. Yana karɓar aiki a kan dunƙulallen farashi, shi ke nemo yaransa, shi ke tsara musu aiki, shi ke biyan su. Abin da ke tsakaninsa da kamfani shi ne aikin da aka gama, ba awoyin da aka yi ba. In ya gama cikin kwana ɗaya ribarsa ce, in ya ɗauki kwana uku asararsa ce.

Wannan rarrabewa ta girmi dokar zamani. Ɗaliban fiƙihun Malikiyya sun san ta a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka bambanta ijara da ji'ala, wadda ba a cancanci ladanta sai an kammala aiki. A ƙasashen waje ma magana ɗaya ce: a ranar 4 ga Maris 2020 kotun ƙoli ta Faransa ta yanke cewa wani direban Uber ma'aikaci ne, duk da takardar da ta kira shi mai zaman kansa, saboda kamfanin ne ke ba shi umarni yana kuma hukunta shi.

Abin da ɗan albashi ke ci

Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato SMIG, ya tsaya a sefa 30,047 daga 2012, sannan ya koma 42,000, jika arba'in da biyu, daga Janairun 2024. Amma albashi ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Dole mai kamfani ya yi wa ma'aikaci rajista a asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, ya kuma zuba kashi 16.4 cikin ɗari na albashin daga aljihunsa: kashi 8.4 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Ana kuma cire kashi 5.25 daga albashin ma'aikacin a haɗa a kai. A kan albashin 42,000, rabon mai kamfani ya kama 6,888, na ma'aikaci 2,205. Ke nan kowane ma'aikaci yana cin 48,888 a wata, uku kuma 146,664, tun kafin a sayi sabulu.

Sai sauran haƙƙoƙi. Makon aiki awa 40 ne, abin da ya ɗara haka ana biyan sa da ƙari. Ma'aikaci na da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, wato wata guda a shekara, da albashinsa, kuma ofishin da yake sharewa ba ya tafiya hutu, sai an biya wani ya riƙe. Mace na da hutun haihuwa na mako 14, abin lura a sana'ar da mata suka yi yawa a cikinta. Sallama ma ba ta yiwuwa da fatar baki kawai: sai da dalili, da wa'adin sanarwa, da kuɗin sallama ga wanda ya daɗe. Babban nauyin kuwa shi ne albashi ba ya jira. In mai ba da kwangila ya yi wata uku bai biya ba, ma'aikata ba ruwansu.

Abin da ake saye da wannan tsada shi ne iko da amana. Mai shara yana shiga ofis ba kowa, yana riƙe da mabuɗi, yana ganin takardu da kwamfuta da aljihun tebur. Mai ba da aiki ya fi natsuwa da fuskar da ya saba gani kullum. Ma'aikaci na dindindin ne ake iya koya wa abin da sana'ar ke buƙata: kada a haɗa ruwan jabel da maganin wanke masai mai asid domin yana ta da iska mai guba, kada tsumman banɗaki ya hau tebur, kada a taɓa allurar da aka yar a asibiti da hannu. In kuma tsautsayi ya faɗa wa mai rajista, aka sanar da CNSS cikin awa 48, asusun ne ke ɗaukar magani da diyya.

Dokar ta bar ƙofofi tsakanin dindindin da jinga. Ana iya ɗaukar mutum na ƙayyadadden lokaci a rubuce, wanda bai wuce shekara 2 ba, ko na aikin wani yanayi na shekara, ko leburan yini da ake sallama da yamma. Duk waɗannan ma'aikata ne, ba 'yan jinga ba.

Abin da ɗan jinga ke ci

Amfanin jinga a fili yake. Ba aiki, ba biya. Kamfani ba ya sayen kayan da sai sau biyu a shekara za a taɓa su, kamar injin feshi, doguwar tsani, amalanke da dabbar da ke jan ta. Kamfanin da ke Dogon Dutsi yana iya karɓar aiki a Dumega ko Dogon Kirya ba tare da ya kwashi mutanensa a mota ba, sai ya nemi ɗan gari ya ba shi.

Sai dai ɗan jinga yana saka ribarsa da kayansa da ladan yaransa cikin farashi, don haka a aikin kullum yakan fi ɗan albashi tsada. In ya zo da arha ƙwarai, to wani wuri ya rage, ko a sabulu ko a haƙƙin yara, araha kuwa ba ta ado. Kamfani ba ya da ikon ce wa yaran ɗan jinga ku yi kaza, sai ta bakinsa. Ɗan jingar yana da wasu masu ba shi aiki, ranar da aka fi buƙatarsa yana iya kasancewa wani wuri. Yana kuma iya sabawa da mai ofis har ya karɓe kwangilar kai tsaye.

Jinga ba ta sauke alhaki. A wurin mai ba da kwangila, kamfanin da ya sa hannu shi ne abin tuhuma in gilashi ya fashe ko kaya suka ɓata, kowa ya ci ladan kuturu kuwa shi zai yi masa aski. A wurin doka ma, in ɗan jinga ya kasa biyan yaransa alhali a wurin aikin kamfani suka yi aikin, kamfanin ne ke maye gurbinsa. Saboda haka ya kamata a rubuta yarjejeniyar jinga, ma'aikatan kuma su san sunan kamfanin da ya ba da aikin. Haɗarin ya fi tsanani a kwasar masai, inda iskar da ke taruwa a rami kan sumar da mutum cikin ɗan lokaci, da kuma inda ɗan jinga ke kawo ƙananan yara don su fi arha, alhali doka ta hana sa wanda bai kai shekara 14 aiki ba.

Jingar ƙarya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki mace tana share ofis ɗaya kowace safiya shekara da shekaru, ana miƙa mata kuɗi a hannu, a ce jinga ce don a guje wa CNSS. Ranar da aka sallame ta ko ta ji rauni, tana da damar kai ƙara wurin sufeton ƙwadago, wanda zai fara da sulhu, in ya gagara a wuce kotu. In aka tabbatar ƙarƙashin umarni take, za a lissafa cikon albashi, kuɗin hutu, kuɗin sallama da bashin CNSS da tararsa. Abin da aka adana kaɗan-kaɗan sai a biya shi a dunƙule.

Yadda ake zaɓe

Aikin ne ke nuna hanyarsa. Wanda ake yi kullum, a wuri ɗaya, da mabuɗi a hannu, a kan kwangilar shekara, na ɗan albashi ne. Wanda ke zuwa jefi-jefi, ko yake buƙatar kaya na musamman, ko yake nesa, na ɗan jinga ne. Ƙaramin kamfani yakan zauna lafiya da haɗin biyun: 'yan ma'aikata amintattu gwargwadon kwangilolin da suka tabbata, da 'yan jinga sanannu da ake kira lokacin cunkoso. Kafin a ƙara ma'aikaci, sai a duba ko akwai ajiyar da za ta biya shi wata biyu ko uku in biya ya yi jinkiri. A Arewa kuma yana da kyau a yi maganar damina tun ranar ɗauka. Ana iya tsara aiki da asuba don mutum ya sami zuwa gona, ko a daidaita hutun shekara da lokacin shuka da noman farko.

Abin da takardar jinga za ta ƙunsa

Takardar ta faɗi aikin dalla-dalla: ɗaki nawa, masai nawa, tsawon magudana nawa, da inda za a zubar da abin da aka kwashe. Ta faɗi farashi, kafin alƙalami, da ranar cikon kuɗi bayan an duba aiki. Ta bayyana mai kawo sabulu, safar hannu, takalmin roba da takunkumi, da mai biyan ɓarna. Ta wajabta wa ɗan jinga nuna shaidar ya biya yaransa kafin a ba shi cikon kuɗinsa, ta kuma hana shi neman kwangilar a bayan idon kamfani. In aikin babba ne, a nemi lambar harajinsa ta NIF da rajistar kasuwancinsa, domin dokar kasuwanci ta OHADA tun 2010 ta buɗe wa ƙananan masu sana'a matsayi mai sauƙin rajista. In ɗaya daga cikinsu ba ya karanta Faransanci, a fassara masa da Hausa gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa kuma ya riƙe kwafinsa.